Irin da Ba a Rataye a Hayaƙi Ba

Jiya da hantsi ruwa ya sauko, irin wanda ba ya zuwa da iska, sai dai ya tsaya a kan gari ya yi ta zuba. Kafin azahar baƙar lakar nan tamu ta tashi, wadda ke kama takalmi ta riƙe sai ka bar mata shi. Lorin da ke zuwa garin Mai Wurno ya maƙale a bakin hor, rafin da ya raba mu da titi, an ce sai ƙasa ta sha iska. Ina tsaye a ƙofar madafa ina kallon ruwa, Ustaz ya fito da waya a hannu.

"Maman Amna, sun kira ni muƙabala. Talata ta sama."

Na ce Allah ya sa a dace. Baki ne ya faɗa. Cikina kuwa ya koma damina huɗu baya, shekarar da hanyoyi suka rufe, wadda kowa a nan ya san ta ba sai an kira sunanta ba.

Ustaz mijina ne. Haka gari ke kiransa, don shi ya yi jami'a, ya karanta ilimin halittu. Ni aji huɗu na tsaya. Da ya gama bai samu aiki ba, ya dawo hawashar mahaifinsa, gonar da ke bakin tur'a, babbar magudanar ban-ruwa, yana noma kamar kowa. Amma zuciyarsa tana kan majistir, digiri na biyu, a ƙasar waje, inda jami'a ke ɗaukar nauyin mutum ya yi bincike. Ya ce wannan ce kaɗai ƙofar da ta rage mana. Ni ban ga ƙofa ba. Abin da na gani shi ne zai tafi shekara biyu ko huɗu, ni in zauna.

Bincikensa a kan ƙuduji ne, wanda Larabawa ke ce wa buda, ciyawar nan mai jan fure kyakkyawa da ke kama saiwar dawa ta tsotse ta. Ya lura akwai dawar tsofaffin mata, wadda suke shukawa a bayan gida, da ƙuduji ba ya iya kayar da ita. Kaka uku yana yawo a kan keke, daga ƙauyukan Suki har wajen Wad Haddad, yana roƙon kai ɗaya ɗaya. In ya dawo ya sussuke, ya shanya, ni in naɗe masa ƙananan ambulan da takardar tsohon littafi, shi ya rubuta sunan matar da garinta. Ambulan arba'in da uku, kowace da abin da bai wuce cikin tafi ba. Ya zuba su a babban gwangwanin madara da busasshen ganyen darbejiya, ya tura ƙarƙashin gadona. Kowace damina yakan ɗiba kaɗan ya shuka a jere ya gwada. A waccan shekarar ruwa ya kwanta a kan jeren ya ruɓar da su. Abin da ke gwangwanin shi ne ya rage a duniya.

Na san wannan. Ina so a riƙe cewa na sani.

Neman gurbin kuwa wahala ce ta daban. Takardar sakamakonsa tana can a jami'ar da aka kulle. Malaman da za su rubuta masa wasiƙar shaida sun watse, wani yana wata ƙasa, wani ba a san inda yake ba. Wata guda ya yi yana bin wani da saƙo kafin ya amsa. Ya rubuta bayanin abin da yake son yi ya fi sau goma, yana sharewa yana sakewa. A duk gidanmu wuri ɗaya shabaka, sabis ɗin waya, ke kamawa, tagar ɗakina ta gabas, sai ka ɗora waya a kan katakon ka bar numfashi. Nan yake tsayawa. Ban iya Turanci ba, amma na koyi karanta amsa a hannunsa. In ya duba layin farko ya kife wayar a cinya, sun ƙi ke nan. Sau tara na ga ya kife. Na goma bai kife ba. Suka ce za su yi magana da shi fuska da fuska ta waya, suka sa ranar muƙabalar.

Lokacin da nake da ƙarfi, har wasa muke yi da abin. Ya koya mini tambayoyin da Hausa, in zauna in ɗaure fuska in ce, "To, malam, me ya sa kai za mu ɗauka ba wani ba?" Ya miƙe zaune ya amsa da Turanci, in ce, "Ba mu gamsu ba, tashi ka ɗebo ruwa." Ya yi dariya. Ni ma in yi, amma tawa ba ta kai ciki.

Haihuwar fari a gidan iyaye ake yinta, kowa ya sani. Ummata tana Suki tana jirana, ta tanadi gero da kanwa da itace. Hanya ta rufe tun ina wata bakwai. Sai na haihu a nan, a hannun Inna, mahaifiyarsa. Kwana arba'in mai jego ba ta taka ƙofar gida. Daga ɗaki sai bayan ɗaki inda ake wanka, daga nan sai ɗaki. Bango huɗu, taga ɗaya, rufin kwano da ke yoyo a wuri biyu. Na san kowace tsaga ta bangon nan. Akwai wadda ta yi kama da kogi da reshensa, nakan bi ta da ido har Suki.

Abinci kuma ya ƙare. Tun da rani dangi suka gudo daga birni saboda yaƙi, gidanmu ya cika, ba a hana baƙo ci, kafin su wuce gaba rumbu ya ga ƙasa. Irin da Inna ta rataye a madafa an riga an shuka shi. Dawa a gona ko ciki ba ta yi ba. Kasuwa ba a ci, injin niƙa babu mai. Da safe Inna ta tafasa ruwa ta yi mini wanka da ganye, tururi ya rufe ni har in ga jiri. Da rana tafasa da lalo, ganye zalla, ba tuwo ba wainar kisra. Da yamma kuma su ɗin dai. In rana ta fito bayan ruwa, kwanon ya ɗauki zafi, ɗaki ya yi warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da tsumma, ƙuda su taru a idon jaririya. Yunwar jego ba irin ta azumi ba ce. Ta azumi tana da magariba.

A kwana na sha huɗu nono ya fara ɗaukewa. Amna ta kama, ta ja, ta saki, ta yi kuka. Bayan kwana biyu kukan ya koma siriri kamar na ɗan kyanwa. Ustaz ya ɗaure wandonsa a gwiwa ya ce zai taka zuwa Mai Wurno ya nemo ko mudu ɗaya ne, ya kuma cika wa wayar wuta, don muƙabala saura kwana biyar. Yana ƙetarewa hor ya cika a bayansa. Kwana huɗu ba shi ba labarinsa.

Rana ta biyu da tafiyarsa, wajen walaha, Inna ta shigo ta karɓi Amna, ta shafa mata maɗiga da babban yatsa. Na ga fuskarta ta canza. Maɗigar ta faɗa. Ta miƙo mini ita, ta fara bincike. Ta buɗe kwanukan jerena ɗaya bayan ɗaya, ta zazzage buhunan da ta san babu komai a ciki, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado. Na ji ƙarar gwangwani a kan ƙasa.

Ta buɗe ambulan ɗaya ta zuba a tafinta.

"La ilaha illallahu! Dawa! Mi ya sa yaron ga ke ɗaure abinci cikin takarda awa laya?"

Inna ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Ta ɗago ta dube ni. "Ke kin san da wagga?"

Kalma ɗaya ce ta isa. In na ce iri ne, Inna za ta mayar ta rufe, ko za mu mutu. Matar da ta taɓa korar jikanta da muciya don ya taɓa kan dawar da ke rataye. Amma a wurinta iri yana da kama. Iri yana sama, da kansa, a ɗaure, a cikin hayaƙin madafa inda ƙwaro ba ya zuwa. Duk abin da aka sussuke, na tukunya ne. Ba ta taɓa ganin akasin haka ba.

Na dubi maɗigar Amna tana motsi a hankali. Na ce, "Kayansa ne, Inna."

Ban yi ƙarya ba. Ban kuma faɗi gaskiya ba.

Ta jawo ƙwarya ta zauna a bakin gadon tana buɗewa tana juyewa. Ja, fara, mai ruwan ƙasa, wata kamar an yayyafa mata toka, wata ƙanana kamar gero. Ina jin sunayen a kaina yadda yake faɗa lokacin da nake naɗewa: ta tsohuwar nan mai ido ɗaya, ta matar mai kwale-kwale, ta wadda ta sa shi ya ci abinci sau biyu kafin ta ba shi. Duk suka haɗu a ƙwarya guda. Takardun ta watsar a ƙasa, ta ce za su yi hura wuta. Da ta fita na sauko da rarrafe na tsince su, na miƙar, na sa ƙarƙashin filo. Ban san dalili ba a lokacin.

Na ji ta tana niƙa a dutse. Sannan ƙamshi ya shigo. Har yau in aka dama kunun kanwa, sai na nemi wurin zama. Ta kawo mini da zafinsa a kwano, na sha, na lashe ludayi. Ita ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Ta raba garin gida biyar, kullum ɗaya. Washegari da la'asar na ji ƙirjina ya yi nauyi, rigata ta jiƙe. Amna ta kama, na ji tana haɗiya, ƙut, ƙut. Na yi kuka, kuma ba zan iya cewa duka na murna ne ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Lokacin da nake shan kunun, ban da yunwa, ban da Amna, wani tunani ya gifta mini: yanzu ba zai tafi ba. Ya gifta ne kawai, kamar ƙadangare a bango. Amma na gan shi.

Ana gobe muƙabala Ustaz ya dawo bayan la'asar, laka har ƙugu, takalmi ɗaya, da ɗan ƙullin garin alkama a kai da waya naɗe cikin leda. Ya ga Amna ta yi barci baki da nono, ya ce alhamdu lillahi. Ya wanke ƙafa. Sannan ya durƙusa ya jawo gwangwanin, don yana so ya jera ambulan ɗin ya nuna musu. Tun daga rashin nauyinsa ya gane. Ya buɗe. Ganyen darbejiya ne kawai.

Bai dube ni ba. Ya fita tsakar gida, ni ina kallo ta ƙofa.

"Inna, dawar da ke cikin gwangwani."

"Na dama ma matarka. Sauran na kwana ɗaya."

"Iri ne, Inna."

Ta ajiye tsintsiyar hannunta. "Iri? Ƙarƙashin gado? A sussuke? Wa ya taɓa aje iri ƙasa? Iri sama shike, cikin hayaƙi, tun kakanninmu na Sakkwato. Karatun ga naka bai gaya maka ba?"

"Shekara uku na yi ina tara shi."

"Ɗiyarka kwananta ashirin."

Ya tsaya da gwangwani a hannu. Mutum ba ya ɗaga wa uwarsa murya. Inna ta ɗauki tsintsiya ta ci gaba da shara a inda ta riga ta share, ta share, ta sake sharewa.

Da safe hadari ya haɗu. Muƙabala ƙarfe goma sha ɗaya ce, kuma dole a ɗakina, don tagar. Ni kuma ba ni da inda zan je. Sai ya ɗaura igiya daga ƙusa zuwa ƙusa ya rataya tob ɗin aurena, babban mayafin nan mai ruwan zuma, ya rufe gado da tsagaggen bango. Ni da Amna muna bayansa. Ya sa farar riga a sama, ƙasa kuwa wandon jiya ne da busasshiyar laka. Na sa tsumma a cikin kwanukan tarar yoyo don kada ɗigon ya yi ƙara. Inna ta ɗauki kujera ta zauna a ƙofa da sanda, tana korar kaji. Maƙwabciya ta yi sallama, na ji Inna ta ce, "Halas, ya isa, koma, yau ba a magana gidan ga. Yaron na jarrabawa da Turawa."

Tob ɗin shara-shara ne, ina hango wayar a kan katakon taga. Fuskoki uku ƙanana: wata mata mai furfura da tabarau, wani mai gemu, da wani da kamar ɗan ƙasarmu ne. A bayan matar akwai littattafai har sama da wata shuka a tukunya, kore shar, a cikin ɗaki. Na yi ta kallon shukar nan.

Ya fara magana. Muryarsa ta Turanci ba tasa ba ce, ta fi siriri. Diddigensa na dama yana bugun ƙasa. Fuskokin su daskare, ya ce wani abu sau biyu, su dawo. Ruwa ya fara bugun kwano, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa wayar. Na gane wasu amsoshin daga sautinsu, waɗanda muka yi wasa da su. Mai gemu ya yi dariya sau ɗaya, na ce a raina to, Allah. Amna ta motsa za ta yi kuka, na sa mata nono, ta kama ta yi shiru. Tun daga farko har ƙarshe ba wanda ya ji ta. Da dawarsa na rufe mata baki.

Sai matar ta yi wata tambaya gajera. Diddigen ya tsaya. Shiru ya yi tsawo har na ɗauka shabaka ce ta yanke, amma na ga matar tana ƙifta ido. Bayan wuyansa ya jiƙe. Ba a koya mini wannan tambayar ba, amma na san ta.

Na zaro takardun daga ƙarƙashin filo, na tura su ta ƙasan tob ɗin har suka taɓa ƙafarsa. Ya duba ƙasa. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ɗauka, ya ɗaga su gaban wayar, ya shiga buɗewa ɗaya ɗaya yana karanta sunayen matan da garuruwansu. Waɗannan na ji su sarai, don da bakinmu ya faɗe su. Muryar ma ta dawo tasa. Bai kai rabi ba wayar ta mutu.

Ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango. Na yaye tob ɗin.

"Me ta tambaya?"

"Nawa ne a hannuna yanzu, waɗanda za a iya aika musu."

"Ka ce me?"

"Na ce babu ko ɗaya."

"Ka gaya musu dalili?"

"Na gaya musu."

"Suka ce me?"

"Matar ta ce ya sunan yarinyar."

Ya juya takardun a hannunsa, ya ga yadda aka miƙar da su, ba wadda ta yage. Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Inna ba ta sani ba. Ke fa?"

Amna ta saki nono, madara ta gangaro mata a kumatu. Na sa bakin zani na goge. Na yi ta gogewa. Bai sake tambaya ba, ko a ranar, ko bayanta.

Amsa ta zo bayan an yanke dawa. Ya kife wayar. Sai daga baya ya ce matar ta ƙara layi biyu da kanta: in ya sake tarawa, ya sake nema.

Kaka huɗu ke nan yana bin takardun nan. Keken ya lalace, yanzu jaki yake ara. Wasu garuruwan ya tarar babu kowa, ƙofofi a buɗe. Tsohuwa mai ido ɗaya ta rasu, 'ya'yanta sun koma shuka irin kasuwa. Ashirin da shida ya samo. Da ya kawo na farko zai sussuke, Inna ta fizge ta ce, "Kawo nan, Ustazun banza." Ta hau turmi da kanta ta rataye a madafa. Ni kuma na yayyaga tob ɗin nan mai ruwan zuma, kowane kai na ɗaura masa ƙyalle da takardarsa a ciki. Suna nan a jere, sun yi baƙi da hayaƙi. Kullum da safe kafin in hura wuta sai na ƙirga su, ba wanda ya sa ni.

Bana rumbu bai kai ƙasa ba tukuna, amma ina jin hannuna yana nisa in zan ɗiba. Hanya ta sake rufewa. Ummata ba ta ga Amna ba sai sau ɗaya. Ina da ciki wata shida, ban kuma san ko wannan ma a ɗakin nan zan haife shi ba, ina bin tsagar bango da ido. In sun ɗauke shi, zai tafi kafin in yaye. In ba su ɗauke shi ba, ban san ko akwai sauran kaka a ƙafarsa ba. In na idar da salla na ɗaga hannu, sai in rasa wanne zan roƙa, in shafa haka nan.

Yau da safe ina dama kunu, Amna ta shigo madafa tana murza ido. Ta hau turmi, ta yi ɗage, ta miƙa hannu sama.

"Umma, yaushe za mu ci wannan?"

Na buge hannun, da ƙarfin da ban yi niyya ba. Ta dube ni. Na sauke ta, na riƙe yatsun ina hura musu iska.

"Ba na ci ba ne."

"To na mene ne?"

Ustaz yana tsaye a ƙofa da buta, ban san tun yaushe ba. Na ɗaga kai na sake ƙirgawa, ashirin da shida.

Na ce, "Na tafiyar babanki ne. Ko yunwa za ta kashe ni, kada ki bari in taɓa."